Plaket da disk na ƙaramar mota: inda ake rage kuɗi da inda ba a ragewa

Malam, na karanta tambayarka. Ka ce Yaris gare ka ƙirar 2007, okaziyon ka saye ta, kwanan nan in ka taka birki ƙafar gaba tana wani ƙara, in kuma kana cikin gudu ka taka sai sitiyari ya riƙa karkarwa a hannunka. Bakanikenka ya ce a canza plaket (abun da ke matsewa in ka taka birki) da disk (farantin ƙarfen da ke juyawa da taya, wanda plaket ke matsewa) duka, ka shiga shago nan Garwa an fito maka da plaket kala uku, mai araha, na tsakiya, da wanda mai shago ya rantse orijinal ne kuɗinsa ya kusa ninka mai arahar sau uku, aljihu kuma ba nauyi, ga tafiya Ngaundere da iyali a gaba. Kana so ka san wanne zaka ɗauka.

Toh ni dai abun da zan ce maka, in tsimi zaka yi ka yi shi a kan disk, kar ka yi shi a kan plaket. Kuma kafin ka fidda ko dala ɗaya a auna disk ɗin da ke jikin motar tukuna, dan sau da yawa ana sa mutane sayen abun da bai mutu ba, wani lokacin kuma ana mayar musu da abun da ya daɗe da mutuwa.

Kowane disk akwai rubutu a jikinsa, ko a bakinsa ta gefe ko a jikin kwanon tsakiya, zaka ga an buga MIN TH sai lamba ta biyo baya. Wannan lambar ita ce kaurin da in disk ya sauko ya kai ta toh ya gama aiki. Tsatsa da laka kan rufe rubutun, a goga buroshin waya zai fito. A ƙananan motoci irin taka tazarar da ke tsakanin sabon disk da wanda ya ƙare ba ta wuce milimita 2 zuwa 3, abun da ido bazai iya rabewa ba, shi yasa in bakanike ya shafa da yatsa ya ce maka "wannan ya tafi" ko "wannan da sauransa" bai ce komai ba tukuna, ce masa ya ɗauko ma'auni. Kuma ka tsaya ka ga inda ya ɗora ma'aunin. Bakin disk yana barin wani ɗan tudu zagaye inda plaket baya taɓawa, in bakin ma'aunin ya hau kan tudun nan sai ya nuna maka disk kamar jiya aka saye shi alhali tsakiya ta cinye. Yadda muke yi in ba ma'aunin da ya dace a kusa, sai a ɗauko tsabar kuɗi guda biyu, a manna ɗaya ta waje ɗaya ta ciki daidai inda plaket ke gogawa, a matse ma'aunin a kansu, sannan a auna tsabar biyu su kaɗai a cire. A yi haka wuri-wuri ana juya disk ɗin, in wani wuri ya fi wani kauri toh ga karkarwar sitiyarinka nan.

Maganar karkarwar ma ka lura da kyau. In sai ka taka birki take zuwa, ka ɗaga ƙafa ta tafi, yawanci disk ne. In kuwa tana nan ko baka taka ba, musamman a wani gudu na musamman, wannan taya ce ko jant, wato ƙarfen da taya ke kai, da rami ya lanƙwasa, kuma da irin hanyoyinmu ba abun mamaki bane. A ɗaga motar a girgiza ƙafar a ji ko rulman (abun da ƙafar ke juyawa a kai) ko rotil (gaɓar ƙarfe mai kan ƙwallo da ke riƙe ƙafar) sun yi sako-sako, dan in suna wasa ko ka sa disk na zinari karkarwa zata dawo. Ƙarar kuma kala biyu ce. In siririya ce mai tsini, akwai wani ɗan harshen ƙarfe da ake sa wa a jikin plaket da gangan dan ya fara taɓa disk in plaket ya kusa ƙarewa, gargaɗi ne yake maka. In kuwa gurnani ne mai kauri kana jinsa har a fedal, toh naman plaket ya ƙare ƙarfe ne ke cin ƙarfe, ajiye motar. Sabon plaket namansa kan kai milimita 10 ko fiye kaɗan, in ya sauko wajen 3 a canza, kar a jira.

In an auna disk aka samu yana sama da lambar, ba tsagewa, ba zurfafan layuka da farce ke maƙalewa a ciki, ba shuɗin tabo na ƙuna, kuma ba karkarwa, toh a bar shi a sa sabon plaket kawai, ka tsira da kuɗinka. Naka dai tunda yana karkarwa inaga sai an taɓa shi. Wasu zasu ce a kai wa mai injin feƙe ƙarfe ya share fuskar. Ba haramun bane, amma ka yi lissafi, abun da dama milimita 2 ko 3 ne rayuwarsa gaba ɗaya, ya riga ya ci rabi, an kuma share wani abu ta fuska biyu, me ya rage? In bayan sharewa zai sauka ƙasa da MIN TH asarar kuɗi ce, kuma siririn disk saurin ɗaukar zafi gare shi. Ni sai disk ɗin yana da kauri sosai nake yarda da sharewa.

Yanzu me yasa na ce a disk ake tsimi. Ana cewa araha ba ta ado, gaskiya ne, amma disk ai ba ado ake nema wurinsa ba. Dunƙulen ƙarfen zubi ne aka feƙe shi daidai, ba wani sirri a ciki, in kamfani mai hankali ya yi shi a kan ma'auni zai yi maka aiki ko sunansa bai cika kunne ba. Ka ɗauki na fili, sumul, irin wanda motar ta zo da shi. Masu huji-huji da masu zane-zane da samari ke so dan su leƙo ta cikin jant, ba naka bane, kuɗi ne a banza a kan Yaris, kuma a ƙasar yashi da ƙurar hunturu hujin nan tara datti yake yi, masu arahar cikinsu kuma daga bakin hujin suke fara tsagewa. Masu fentin hana tsatsa suna da kyau amma wannan damuwar mutanen Turai ce da ke zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko mutanen Duwala da ruwa baya ɗauke musu, mu nan arewa in da bambancin kuɗi ka bar shi.

Abun da zaka duba a sabon disk kaɗan ne. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa kusa da tsohon, sabo bai kamata ya fi tsohon da ya cinye sauƙi ba. Disk ɗin gaba na irin motarka faranti biyu ne da ramukan iska a tsakani, ka leƙa ta baki ka ga farantin biyu kaurinsu ɗaya ne ko ɗaya ya fi ɗaya, dan wata dabarar masu rage ƙarfe ita ce su faɗaɗa ramin iskar su sirantar da farantin, daga waje kauri ya cika amma naman ƙarfen babu. Ka ga an buga MIN TH a jikinsa. In babu ko rubutu ɗaya a jikin disk, mayar masa da abunsa. Na kas kuma, wato wanda aka ciro daga motocin da aka farfasa, zan iya yarda da shi in an auna a gabanka aka samu kusan sabo ne kuma guda biyun daga mota ɗaya suka fito, wani lokacin ma na asali ne ya fi sabon da ba a san uwarsa ba. Amma plaket na kas a'a, ko kyauta aka baka. Kuma disk biyu ake canzawa tare, hagu da dama, haka plaket, in ka canza gefe ɗaya motar zata riƙa fizga gefe in ka taka da ƙarfi.

Kafin ka koma shago ɗauki kart giriz ɗinka, wato takardar rajistar motar, ka dubi lambar shasi, harufa da lambobi 17 ne. Wannan yana da muhimmanci a Yaris fiye da yadda mutane suka ɗauka, sabida Yaris wuri biyu aka fi ƙera waɗanda ke zuwa mana, Japan da kuma Faransa, inda Toyota ke da masana'anta kusa da Valenciennes tun 2001. Ta Japan lambarta da JT take farawa, ta Faransa da VNK, kuma birkinsu na gaba ba lallai ya zama iri ɗaya ba ko da shekara ɗaya ce, kamanni ɗaya. Cewa "bani plaket na Yaris" kawai bai isa ba. Mafi sauƙi a kwance tsohon plaket guda a tafi da shi shago a ɗora a kan sabon, kunnuwa su dace, tsawo ya dace. Disk ma a gwada faɗi, kauri, tsayin kwanon, da hujin noti guda 4. Duk plaket ɗin da sai an kai shi bakin dutsen injin an rage masa kunne kafin ya shiga, ba na motar bane, kar ka yarda a ce maka "haka ake yi".

Toh plaket. Nan ne zan daɗe dan nan ne rai yake. Birki ba komai yake yi ba illa mayar da gudu ya zama zafi, kuma ƙafafun gaba su ke ɗaukar mafi yawan aikin, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100. A cikin gari daga gida zuwa makaranta, gudu kaɗan, taka ka saki, kusan kowane plaket zai tsayar da kai, shi yasa mai shago zai ce maka "masu taksi duk shi suke saye ba wanda ya dawo". Ba a cikin gari ake gane plaket ba. Ngaundere tana sama da mita 1,000 a kan tudu, Garwa tana can ƙasa a kwarin Binuwai wajen mita 200 da wani abu, kuma kaso mai yawa na wannan saukar a falez ake yin ta, wato gangaren dutsen nan da ke hanyar, kwana bayan kwana, mota cike da mutane da buhun doya da kaya a but. A irin wannan gangara disk yana iya haura digiri 400. Naman plaket gari ne na abubuwa daban-daban da aka haɗa da wani irin ƙaro aka gasa, in haɗin na banza ne da zafi ya kai wani wuri sai ƙaron ya fara ƙonewa, fuskar plaket ta yi santsi, ka taka fedal yana da tauri lafiya lau amma motar tafiya take, ga wari kamar ana ƙona roba. Bambancin kuɗin da ke tsakanin mai araha da na tsakiya, wannan minti biyun kake saye da shi. Haka wanda ke hawa da sauka wajen Mokolo ko Rumsiki.

Kuma ko a lissafin kuɗi zalla mai arahar baya fita. Ko dai ya zama mai taushi ya ƙare da wuri ka sake biyan plaket da kuɗin aiki, ko ya zama mai tauri da ƙusoshin ƙarfe a ciki ya zauna yana nan shi bai ƙare ba yana cinye maka sabon disk.

Yaya zaka gane na kirki? Na farko akwai tambarin da ake kira R90. Doka ce ta Turai, duk plaket ɗin canji da za a sayar can sai an gwada shi an tabbatar kamunsa bai kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100 ba, sama ko ƙasa. Zaka ga harafin E da lamba a cikin da'ira, E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E11 Ingila, sai 90R da wasu lambobi a gaba. Ya kasance a jikin kwali kuma a bayan plaket ɗin kansa, kuma lambobin su zama iri ɗaya, kwalin kuma a rufe yake da hatimi ba wanda aka buɗe aka liƙe da salatif ba. Daga 2016 dokar ta fara shafar disk ma. Kayan da aka yi dan kasuwar Japan ko ƙasashen Larabawa ba lallai su zo da wannan tambarin ba kuma suna iya zama masu kyau, dan haka rashinsa ba hukunci bane, amma samunsa alama ce. Na biyu, a baya ko gefen plaket da yawa akwai harufa biyu a ƙarshen lamba, EE, FF, FE, GG. Na farko ƙarfin kamu ne a zafi na yau da kullum, na biyu ƙarfin kamu in ya yi zafi sosai, kuma F ya fi E, G ya fi F. Ƙaramar mota FF ya ishe ta. In ka ga FE, ma'ana yana raguwa in ya ɗau zafi, ba shi nake so wa mai sauka falez ba.

Sunaye kuwa, waɗanda aka sani a wannan harka akwai Bosch, TRW, Ferodo, ATE, Textar, Valeo, Brembo, daga ɓangaren Japan akwai Akebono, Advics, Nisshinbo, Kashiyama, daga Koriya akwai Hi-Q na kamfanin Sangsin wanda kuɗinsa da sauƙi. Kowanne cikin waɗannan in na gaske ne ya ishe ka, ba sai ka zaɓi mafi tsada ba. Ka kuma sani Toyota ba ita ke dafa plaket da hannunta ba, kamfanoni irin su Akebono da Advics ke yi mata ta sa a kwalinta, dan haka sau da yawa abun da ke cikin kwalin tsakiya ɗan uwan wanda ke cikin jan kwali ne.

Wannan ya kawo mu kan "orijinal" ɗin mai shagonka. Ban ce ƙarya yake ba, ban gani ba. Amma duk wanda ya daɗe a harkar piyes, wato kayan gyaran mota, ya san ba kwalin da aka fi kwaikwaya kamar kwalin da kowa ke nema. Kayanmu daga wurare da yawa suke shigowa, daga Duwala wajen Camp Yabassi, daga Najeriya ta Yola da Mubi, daga Dubai, kuma ta kowace hanya na gaske da jabu tare suke tafiya a mota ɗaya, shi mai shagon ma wani lokacin bai san me aka sayar masa ba. Mafi munin ciniki shine ka biya kuɗin orijinal ka tafi da jabu, gara ma mai arahar da bai ɓoye kansa ba. In lallai na Toyota kake so ka je wurin wakilinsu na hukuma, CAMI, ka biya ka karɓi rasit. In ba haka ba ka ɗauki na tsakiyar mai suna, ka bincike shi da kyau.

Binciken kuwa a hannu ake yi. Fito da plaket ɗin daga kwali ka juya shi ta gefe ka dubi layin da nama ya haɗu da ƙarfen baya, ya zama a manne tsaf ba ko siririn rami, ba ƙaro da ya tsatso ya bushe. Sa farcen babban yatsa ka kankari gefen naman, na kirki bazai ba ka komai ba, na banza sai ka ga yana zubo gari ko ɓarɓashi. Dubi fuskar, haɗin ya zama ya gauraya daidai, ba wani wuri dunƙulen ƙarfe wani wuri fayau ba. Dubi ƙarfen baya, kaurinsa ɗaya da na tsohon? gefensa a yanke sumul ko da kaifi-kaifi? fenti ya malalo kan fuskar da zata taɓa disk? Rubutun baya a buge yake tsaf ko kana gogawa da yatsa yana fita? Guda huɗun ka jera su ka ga kaurinsu ɗaya. Sannan ka karanta kwalin, jabu da yawa a rubutu suke tona kansu, harafi ya faɗi ko kala ta koɗe.

Akwai kuma masu ɗaukar tsohon ƙarfen plaket su manna masa sabon nama su fesa fenti. Sana'a ce, a manyan motoci masu takalmin tambur (birkin da ke cikin kwanon ƙarfe maimakon disk) da ake bugawa da ƙusa tana da wurinta. A plaket ɗin gaba na ƙaramar mota ban yarda da ita ba sam, dan ranar da ƙaron ya saki naman gaba ɗaya yake fita, fedal ya tafi ƙasa. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, kayan da ba a san inda aka yi su ba har yanzu ana iya samun asbestos a ciki, abun da Turai ta hana sabida yana lalata huhu, dan haka in ka ga yaron gareji zai hure ƙurar birki da iskar kwampreso ko da baki, hana shi, a wanke da ruwa ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Zaka ji ana cewa seramik, semi-metalik, organik. Kar ya ruɗe ka. Seramik shiru gare shi kuma baya baƙanta jant, mai ƙarfe-ƙarfe ya fi jure zafi amma yana ɗan ƙara yana kuma ɗan cin disk, kuma kalmar seramik kowa na iya buga ta a kwali. Sunan kamfani na gaske da lambar da ta dace da motarka sun fi wannan kalmar.

Sai ɗaurawa, wanda wallahi rabin matsalar birki da ake kawo mana ba laifin piyes bane, laifin hannu ne. Ranar aikin ka zauna a wurin. In an cire tsohon disk, fuskar ƙarfen da yake zama a kai sai an goge ta da buroshi da samfefa har ta yi fari, dan Toyota abun da ta yarda disk ya kauce in yana juyawa milimita 0.05 ne, siririn gashi kenan, ƙwayar yashi ɗaya ko ɓawon tsatsa a bayan disk ya wuce haka, kuma bayan wata biyu uku karkarwa ta dawo a ce disk ɗin ne jabu. Sabon disk yana zuwa da mai a jikinsa na hana tsatsa, a wanke shi tas kafin a ɗaura. Etiriye, wato abun da ke matse plaket, yana zamewa ne a kan sanduna biyu masu rigar roba, a zaro su a wanke a sa musu man giris na birki, ba baƙin giris na rulman ba dan wannan kumbura roba yake yi sandar ta maƙale. In ka ga tsofaffin plaket ɗinka ɗaya ya cinye ɗaya da saura, ko ya cinye a karkace, toh sandunan nan ne suka kama, kuma in ba a gyara ba sabon ma haka zai yi. Robar da ta yage a canza ta, kuɗinta kaɗan ne, ita ke hana ƙurar hunturu da ruwan damina shiga. Kar a bar etiriye yana reto a jikin tiyon mai, a rataye shi da waya. Notin taya kuma a ɗaure su a gicciye, ɗaya sai na gabansa, ba a bi layi ba, kuma ba yaro ya hau kan sifana da ƙafa yana tsalle ba. Ƙarfin ɗaurin na Yaris 103 Nm ne a sifanar awo, in garejin suna da ita su yi amfani da ita.

Man birki kar ka manta da shi, shi ne mafi araha a cikin duka kuma shi aka fi watsarwa. Yana shan danshi daga iska a hankali. Irin man da ake kira DOT 4 in sabo ne sai ya kai digiri 230 yake tafasa, in ya sha ruwa yana saukowa wajen 155, DOT 3 kuma daga 205 zuwa 140. In ya tafasa a gangara fedal ne zai nutse har ƙasa ba komai. Motar okaziyon ba wanda ya san yaushe rabon da a canza mata, in ya yi baƙi kamar shayi a zubar a sa sabo daga gwangwani rufaffe, bayan haka duk shekara 2. Dubi murfin tankin zaka ga irin wanda motar ke sha. DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa, DOT 5 baya haɗuwa da su. Tunda an ɗaga mota a buɗe tambur na baya ma a leƙa, in takalman baya basa kamawa gaba ce ke ɗaukar duk wahalar, kuma a bizit teknik, wato wurin gwajin lafiyar mota, injin gwaji zai nuna.

In an gama an sauke mota, kafin a motsa ta a taka fedal sau da yawa har ya yi tauri, dan an tura fistan baya, takun farko fanko ne, an sha shiga bangon gareji a kan wannan. Sannan ka samu hanya mara cunkoso, ka kai gudun kilomita 60 a awa ka taka a hankali amma da nauyi ka sauko wajen 10 ba tare da ka tsaya cak ba, ka sake, kamar sau takwas zuwa goma, sai ka yi ɗan tafiya ba birki ya huce. Kilomita 200 zuwa 300 na farko ka guji taka birki na gaggawa in ba dole ba, ma'ana aikin nan a yi shi sati guda ko biyu kafin doguwar tafiya, ba daren tafiya ba. A gangara ka sa giya ta biyu ko ta uku inji ya riƙe motar, ka taka ka saki, kar ka kwantar da ƙafa a kan fedal, kuma in ka tsaya bayan doguwar sauka kar ka danne fedal ka riƙe, plaket mai zafi yana barin shaidarsa a fuskar disk, daga nan karkarwa ke farawa. Haka zuwa wurin wankin mota kai tsaye daga tafiya a watsa wa disk mai zafi ruwan sanyi, bari ya huce tukuna.

Bayan kwana biyu uku da aikin, ka yi ɗan yawo a gari ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da jant na hagu da na dama, kar ka taɓa disk ɗin. In ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, etiriye na wannan gefen yana riƙewa, ka koma gareji a sake buɗewa, a kuma sake bin notin taya a duba tankin mai ko ya ragu.